Yaro ɗaya ya hana ni koyarwa a ajina, dan Allah malamai ku bani shawara

Malamar Lissafi:

Assalamu alaikum malamai da iyayen da ke zauren nan. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo dan abin ya daɗe yana cina a rai.

Ni malamar lissafi ce a wata ƙaramar sakandaren gwamnati ta maza a nan cikin Kano, ta je-ka-ka-dawo. Wannan ne zangona na biyu da kama aiki. Bayan na gama NCE na yi shekara biyu a wata firamaren kuɗi inda aji baya wuce yara 25, da na zo nan sai na tarar da wata duniya daban. 'Yan JSS 2 aka bani, a rajista su 94 ne, masu zuwa kullum za su kai 80, benci baya isa wasu a ƙasa suke zama wasu a kan taga. Firiyod ɗina minti 40 ne amma wlh minti 15 na farko a "ku zauna ku yi shiru" yake ƙarewa, kafin in gama misali biyu a allo an kaɗa ƙararrawa.

Duk wannan da sauƙi ba dan yaro ɗaya ba. Shine babba a ajin, a ido zai kai shekara 16 ko 17, har ya fi ni tsayi, can ƙarshen aji yake zama jikin taga shi da yaransa su huɗu. Baya zagina, baya min rashin kunya ido da ido, in na masa magana ma sai ya sunkuyar da kai yace to Malama. Amma da na juya allo sai in ji kukan akuya ko fito ko a fara kiɗa da benci, aji gaba ɗaya ya kwashe da dariya, in na juyo kowa ya yi tsit, in na tambayi waye babu mai faɗa dan tsoronsa suke ji. Monita ma ya daina rubuta sunan masu surutu tun ranar da suka tare shi a hanya bayan an tashi.

Na sa shi nildawun a bakin allo sai ya zama shine abin kallo yana ta musu gwalo ta bayana. Na sa shi tsallen kwaɗo. Na kore shi waje ya zagayo ta taga. Na kai shi gurin disifilin masta ya masa bulala shida, ya dawo aji yana murmushi yaran suna masa kirari ƙasa-ƙasa kamar wanda ya ciwo kofi. Na ce ya zo da mahaifinsa, ya zo da wani mutum da daga baya aka gaya min mai faci ne a bakin titi, ɗari biyar ya bashi ya zo a matsayin kawunsa.

Ranar Larabar da ta wuce abin ya kai ni maƙura, na yi ta ɗaga murya har ta dishe, na fita na bar ajin saura minti 10 na je ofishin malamai na zauna ina hawaye. Wani abokin aiki yace min Malama ki daina kashe kanki, ki cika musu allo da rubutu ki samu guri ki zauna, mai yin karatu zai yi, albashinki ba zai fasa shiga ba. Ni kuma zuciyata ta ƙi yarda da haka, dan akwai yara kamar 15 a gaba da suke zuwa da littafinsu da biro suna kallona suna jira, wani har biyo ni yake in an fita tara yace in ƙara masa bayani. Haƙƙin waɗannan nake tsoro. Kuma shi kansa yaron ban tsane shi ba, ɗan wani ne.

Waɗanda suka daɗe a aikin nan dan Allah ya ake yi da irin wannan? In nemi a canza min aji ne ko akwai dabara?

Abban Sadiq:

Wa alaikumus salam. Malama Allah ya baki haƙuri amma ni gaskiya zan faɗa miki, bulala shida ai wasa ce a gurin ƙato irin wannan. Mu da muka yi makaranta a shekarun 80 in ka yi wa malami fito ranar a rub da ciki za ka kwana, in ka je gida ka faɗa kuma a ƙara maka wata. Shiyasa har yau in na hango malamina na firamare sai na sauka daga babur na gaishe shi. Yanzu an zo an ce kar a taɓa yaro kar a harari yaro, ga sakamakon nan muna gani, ɗan shekara 16 yana sa malamarsa kuka.

Ki rubuta wa firinsifal a takarda, a fito da shi gaban asambuli ranar Litinin a zane shi gaban kowa, a bashi sati biyu a gida, in ya dawo bai canza ba a bashi takardarsa ya ƙara gaba. Wake ɗaya ke ɓata gari. Baza a bar yara 90 su rasa karatu saboda mutum ɗaya ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya riga ya bushe.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya miki albarka da kika ƙi ɗaukar shawarar wancan abokin aikin naki. Na fara riƙe alli a 1977, shekara ɗaya da fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin yara sun kwararo makaranta babu isassun malamai, na yi shekara 35 na ajiye aiki. Saboda haka aji mai mutum 90 ba baƙona bane.

Kafin komai abu ɗaya nake so ki bincika min, shin yaron nan ya iya karatu? Ba lissafi nake nufi ba, karatu, ya haɗa baƙi ya karanta jimla. A iya zamana a aji duk ƙaton da ya girmi 'yan ajinsa da shekara uku ko huɗu, yana zama a baya, baya zagin malami amma baya bari a yi darasi, in na bincika yawanci sai in tarar bai iya karatu ba, an yi ta tura shi gaba ne aji bayan aji. To ki sa kanki a gurinsa, minti 40 yana zaune ana magana da Turancin da baya ji, ana rubutun da baya iya karantawa, ga ƙannen bayansa suna ɗaga hannu suna amsawa. Ko dai a san shi da daƙiƙin aji ko a san shi da hatsabibin aji, kuma babu saurayin da zai zaɓi na farko. Kukan akuyar nan da kike ji asirinsa yake rufawa da shi.

Shiyasa bulalar gaban jama'a bata rage shi da komai, girma take ƙara masa. Malam Abban Sadiq na yi duka a farkon aikina fiye da yadda kake zato, dorina ce da ni a ofis, kuma ban ce babu yaron da ta gyara ba. Amma wanda take gyarawa shine yaron da ya iya ya yi sakaci. Wanda bai iya ba ko bulala goma ka karya a jikinsa gobe da rashin iyawarsa zai dawo. In an kore shi kuma ina zai je? Unguwarmu ɗaya da shi, a bakin layinmu zai zauna.

To 'yata ga abinda za ki gwada. Sati biyu kar ki ƙara masa magana a gaban aji, in an yi kukan akuya kar ki juyo ki ce waye, tambayar nan ita suke jira, ki yi shiru kawai ki ƙirga goma a zuciyarki ki ɗora daga inda kika tsaya. Sannan ki rage juya musu baya. Malamin da ya yi minti biyar yana rubutu a allo ya bar yara 80 ba aikin yi, ko 'ya'yan waye sai sun yi surutu. Ki samu kwali ko bayan tsohuwar kalanda ki rubuto misalanki daga gida ki liƙa, ko ki sa wani mai kyan rubutu cikin na gaba ya rubuta ke kina fuskantarsu. Da shigarki a ce akwai tambaya biyar da kowa zai fara yi a littafinsa, masu sauƙi fa, irin wadda ɗan baya ma zai ci uku a ciki, ke kuma kina zagayawa da jan biro kina maki, kuma ki fara makin daga baya ba daga gaba ba. Yaro yana son ganin jan biro a littafinsa fiye da yadda muke zato.

Ki haddace sunayensu goma duk sati. "Kai mai jar hula" da kiran yaro da sunansa da na mahaifinsa ba ɗaya bane, wanda aka san sunansa baya iya ɓuya cikin taro. Wani ɓangaren darasin kuma ki riƙa yinsa kina tsaye a ƙarshen aji kusa da bencinsu, ba kya kallonsa ba kya masa magana, tsayuwar kawai.

Shi kuma ki kira shi gefe, ba ranar da ya yi laifi ba, ranar da bai yi komai ba. Ki tambaye shi me yake yi in an tashi, gurin wa yake aiki. Yaro mai wannan shekarun da wuya a ce bashi da ubangida a gareji ko kasuwa ko shagon ɗinki, kuma sau tari maganar ubangidan ta fi ta uban da ya haife shi shiga kunnensa. In za a nemi wani shi za a nema, ta hannun fom masta ko mai unguwa, ba takarda za ki ba yaron ya kai ba.

Maganar yawa kuwa ba laifinki bane, tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi kar a wuce ɗalibi 40 ga malami ɗaya a sakandare, ke an baki ninki biyu da ɗoriya. Kar ki riƙa auna kanki da ajin yara 25.

Malamin Islamiyya:

Slm. Ina so in ɗan taɓa maganar duka dan mu nan da an yi magana sai a ce ai addini ne ya ce a daka. Hadisin da ake kafa hujja da shi na sallah ne, a umarci yaro yana ɗan shekara 7 a doke shi a kanta yana ɗan 10, Abu Dawud ya ruwaito. Ku duba fa, shekara uku cur ana umarni ana tunatarwa sau biyar kullum kafin a zo ga duka, kuma a kan sallah. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah SAW hidima shekara 10 tun yana yaro yace bai taɓa ce masa ko uf ba, Nana A'isha kuma tace bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Malaman Malikiyya da suka yi rubutu kan ladubban mai koyarwa irin su Ibn Sahnun na Ƙairawan, da suka halatta dukan ladabtarwa sai da suka masa iyaka, kar ya wuce bulala uku sai da izinin uba, ba a fuska ba ba a ka ba, kuma ba dan huce fushi ba. Ibn Khaldun ya ware fasali guda a Muƙaddima yana cewa tsanantawa ɗalibai cutar da su yake, yana koya musu ƙarya da yaudara dan gudun hukunci. Ai ga shi nan Malama ta faɗa da bakinta, yaro ya yi hayar kawu da ɗari biyar.

Ni a islamiyyarmu ta yamma ina da irinsa, abinda ya taimaka shine na ɗora masa aiki, makullin aji da shimfiɗa tabarmi da tara allunan ƙanana duk a hannunsa, in bai zo da wuri ba kowa a waje zai tsaya. Amma Malama kar ki kuskura ki ɗora shi kan riƙe bulala ko rubuta sunan masu surutu, wasu malaman suna haka wai a maida ɓarawo mai gadi, ƙarshenta ƙananan yara ne suke shan wuya, har kuɗin tararsu ake karɓewa.

Abban Sadiq:

Malam na ji kuma ban ja da hadisi ba, Baba Hedimasta Allah ya ƙara girma. Amma dan Allah ku dubi yaran gaban nan su 15 da monitan da aka tare a hanya, su wa zai lallashe su? Kullum mai laifi ake zama a yi wa nazari, yaron kirki kuwa ba mai tambayar ya ya kwana. Ɗana yana irin wannan ajin, ya dawo gida littafi fayau in tambaye shi yace Abba yau ma ba a bari malam ya yi ba. A lallashe shi na yarda, amma a sa masa wa'adi, ba a cinye shekara guda ta 'ya'yan mutane ana jiran mutum ɗaya ya shiryu ba.

Maman Khalifa:

Ƙanwata sannu, shekarata 19 ina koyar da maza a Zariya, na yi irin kukan da kika yi ba sau ɗaya ba. Baba ya gama magana, amma Abban Sadiq yana da gaskiya a kan monitan nan, kukan akuya daban tare yaro a hanya daban. Wannan ki rubuta shi a takarda da kwanan wata ki kai wa firinsifal ki riƙe kwafi, ba abin da za ki yi shiru a kai bane. Ki samu ɗan littafi ma kina rubuta duk abinda ya faru da ranarsa, dan ranar da magana za ta je gaban PTA ko SBMC, wato kwamitin kula da makaranta, ba a jin "kullum yana damuna", ranaku ake tambaya.

In za ki kira shi gefe kamar yadda Baba yace, ki yi a baranda inda ake hango ku, fom masta yana kusa, kar ki keɓe da shi a aji ko ofis, ke mace ce shi kuma ba ƙaramin yaro bane, ki kare mutuncinki. Ki lura da idonsa da warin jikinsa da yadda yake magana bayan an dawo tara, in kin ga alamar shaye-shaye to wannan ya fi ƙarfin malamar aji, na hukumar makaranta ne da iyaye.

Kar ki ƙara fita ki bar aji cikin fushi, ranar sun ga iyakarki kuma za su so su sake gani. Ihu ma ki bari, maƙogwaro ɗaya ba zai rinjayi 80 ba, ni in surutu ya yi yawa ƙasa nake yi da murya, na gaba su fara cewa ku yi shiru mana ba ma ji, su da kansu suke min aikin. In dole sai kin fitar da yaro kar ki tura shi waje, waje hutu ne, ku yi yarjejeniya da malamin JSS 3 ki tura shi can da littafinsa ya zauna cikin waɗanda ba za su masa dariya ba. Kuma ki yi bayani da Hausa in kin ga an ɓace, ki kawo kalmar Turancin daga baya, ba wanda zai kama ki.

Mushe daga Maraɗi:

Assalamu alaikum, ni ma lissahi nike koyawa a wata CEG, wato ƙaramar sakandare, cikin jihar Maraɗi, 'yan sizyam da sankyam, aji ɗaya da aji biyu kenan. Malama abin da kinka faɗi kamar ajina kinka shiga. Mu nan wasu azuzuwan ma na zana ne, in aji guda ya yi dariya na kusa da shi sai ya ɗauka. Kuma matsalar harshe guda ce, ku Turancin Ingilishi mu Faransanci, yaro ya fito firamare bai wuce bonjur mushe ba a ce ya warware lissahi cikin harshen.

Abin da munka yi ni da wani abokina, mun raba aji rukuni rukuni na mutum 8, kowane da sunanshi da shugabanshi, maki na rukuni ne ba na mutum guda ba, ranar Juma'a a faɗi wanda ya zo na ɗaya. Yaran uban tafiyar su huɗu kowa ki jefa shi rukuni daban, nesa da juna. Ba shi ne ƙarfin ba, masu yi mishi dariya su ne ƙarfin, in sunka watse sai ki ga ya rage shi kaɗai yana fito ba mai amsawa. Satin farko za a yi rigima wajen canjin wuri, ki roƙi wani malami namiji ya tsaya miki ranar.

Tambaya guda, da wane lokaci kike shiga? In firiyod na ƙarshe ne ga rana ga yunwa, yaro da yawa bai karya ba ya fito, to ki je wurin mai tsara jadawali ki roƙe shi ya maido miki ko biyu cikin sati da safe. Ni da anka yi mini haka rabin rigimar ta tafi da kanta.

Ɗan Gareji:

Malama ni ba malami bane, bakanike ne, amma da na karanta maganar Baba Hedimasta sai da jikina ya yi sanyi dan ni ne yaron nan shekara 20 da suka wuce. Har na kai aji uku na sakandare ban iya karanta sunan kaina a rajista ba sai dai in gane shi da siffa. Ba abinda nake tsoro a duniya irin malami yace kai tashi ka karanta, shiyasa tun kafin a zo kaina nake tada rigima a kore ni waje, bulala goma ta fi min sauƙi a kan yara su san ban iya ba. An dake ni a asambuli ya fi a ƙirga, babu malami ɗaya da ya taɓa zaunar da ni ya miƙo min takarda yace karanta in ji. Na bar makaranta ban yi jarrabawar aji uku ba. Sai da na kai shekara 24 na shiga ajin yaƙi da jahilci na dare saboda kunyar kwastoma ya turo min saƙo in kai wa yaron shagona ya karanta min.

Roƙona Malama in kin gwada shi kin ga bai iya ba, dan girman Allah kar ki faɗa a aji kuma kar ya zama hira a ofishin malamai, in ya ji a bakin wani kin rasa shi har abada. Kuma ki gwada shi da lissafin kuɗi da baki, ki ce an sayi kaza an bada kaza nawa ne canji, za ki sha mamaki. Akwai malami ɗaya da ban taɓa yi wa surutu ba, na aikin gona, shi ba abinda ya min illa yana aikena siyo masa abu ya bani kuɗi baya ƙirga canji in na kawo. Har yau ina masa addu'a.

Malamar Lissafi:

Slm, ku yi haƙuri na yi shiru sati uku, so nake in gwada tukuna. Baba, Anti, Malam, Mushe, Abban Sadiq da yayana Ɗan Gareji Allah ya saka da alheri ya jiƙan magabata.

Baba maganarka ce ta fito. Na kira shi a baranda fom masta yana zaune daga gefe, na fara da lissafin kuɗi kamar yadda yayana yace, na ce ƙarfe 7 kowanne naira 2,350 nawa kenan, wlh kafin in gama dannawa a waya yace dubu sha shida da ɗari huɗu da hamsin. Na ƙara masa uku duk ya ci. Sai na rubuta irin tambayar da Turanci a takarda na miƙa masa, ya riƙe ta ya daɗe yana kallo, can yace Malama idona ke ciwo. Ban ce komai ba na karɓi takardar na ce Allah ya sawwaƙe muka ci gaba da hira. Ashe mahaifinsa ya rasu tun yana aji huɗu na firamare, ya yi shekara biyu baya zuwa makaranta, yanzu a shagon walda yake aiki daga la'asar har goman dare. Fom masta ya je ya samu mai shagon, mutumin kirki, yace shi bai ma san ana kuka da shi ba.

Anti na kai maganar monita a rubuce, firinsifal ya kira su biyar ɗin ya musu kashedi a ofis sun sa hannu. Mushe uku cikin firiyod ɗina biyar na ƙarshe ne, na roƙa an maido min ɗaya safiyar Talata, kuma na raba rukunin, ranar an sha rigima kamar yadda ka faɗa sai da malamin diyuti ya shigo. Tambaya biyar ɗin farkon darasi ita ta fi komai aiki, yanzu kafin in ajiye jaka wasu sun buɗe littafi, sai dai maki 80 a minti 10 baya yiwuwa, layi biyu nake yi kullum ina juyawa.

Ba wai an daina surutu bane. Kukan akuya sau biyu na ji a sati ukun nan, amma wasu biyu daga tsakiya sun taso da nasu salon na jifa da takarda, kuma shi ɗin ya yi kwana uku bai zo ba a satin da ya wuce, da ya dawo yace aiki ne ya musu yawa a shago. Abban Sadiq ban manta da maganar wa'adi ba, na gaya wa fom masta in an sake taɓa wani yaro ba ruwana da lallashi.

Yanzu ga inda na tsaya. Jiya bayan an tashi ya tsaya a bakin ƙofa har kowa ya watse, yace Malama in mutum yana so ya koyi abin nan daga farko a ina ake koya, bai faɗi sunan abin ba ni ma ban faɗa ba. Ni lissafi na karanta ban san ta inda ake fara koya wa babba haɗa baƙi ba, kuma littattafan 'yan aji ɗaya masu hoton ƙwallo da kyanwa in na miƙa masa na san ba zai dawo ba. Da Hausa zan fara masa ko da Turanci? Kuma na ƙirga da fom masta, muna zargin akwai irinsa a ajin sun kai 20. Baba da yayana Ɗan Gareji ku nake jira, ranar Litinin na ce masa ya same ni a baranda lokacin tara.